Birane da kasuwar kabon: shawarwarin da aka tattara

Da aka tafka muhawara kan yadda birni zai samu kuɗin rage hayaƙi mai ɗumama yanayi daga kasuwar kabon, wato inda wanda ya rage hayaƙi yake sayar da takardun shaidar ragewar, shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fara da juji. Shara idan ta ruɓe tana fitar da iskar metan, wadda ta ninka kabon dayoksaid riƙe zafi kusan sau 28, kuma auna ta ba wuya: a kafa bututu cikin bola, a zuƙo iskar, mita ta ƙirga, a kunna injin wuta da ita. Haka birnin Sao Paulo na Brazil ya yi a jujin Bandeirantes. A 2007 ya yi gwanjon takardun kabon sama da 800,000, kowace a kan Yuro 16.20.

Sai dai wasu sun ja kunne kada a jingina kasafin birni da wannan kuɗi, kuma ni ma ina ganin gaskiyarsu. A ƙarshen 2012 farashin irin waɗannan takardu ya zube ƙasa da Yuro ɗaya. Ga shi ba a biya sai masu tantancewa sun tabbatar hayaƙin ya ragu, ke nan jarin farko daga wani wuri zai fito.

Sufuri kuwa ciwon kai ne. Bogota, babban birnin Colombia, ta yi rajistar tsarinta na motocin bas mai suna TransMilenio a kasuwar kabon a 2006, amma ƙirga waɗanda suka ajiye motarsu suka hau bas sai an sha wuya. Ƙananan birane an ce su haɗa ayyukansu wuri ɗaya, don kada kuɗin tantancewa ya cinye ribar.