Kimiyyar Baffa ta shiga takardar jarrabawar ɗana, ina neman shawara

Uwar yara, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanin mahaifin maigidana, wanda duk gida muke kira Baffa, mutum ne mai barkwanci. Bayan isha'i yara kan kewaye shi a zaure, ya yi ta kawo musu dalilin komai na duniya, fuskar nan a murtuke, ko murmushi babu. Ya ce ana ganin walƙiya kafin a ji tsawa ne saboda ido yana gaba, kunne yana baya. Albasar Aliero tana sa hawaye ne don tana tausayin manomin da ya sha wahalar ban ruwa. Hunturu kuwa, wai Sahara ce mura ta kama take atishawa. Mu manya dariya muke yi. To ɗana ɗan aji biyar, an tambaye su batun tsawa a jarrabawa, ya rubuta amsar Baffa, aka ba shi sifili. Da na gyara masa sai ya ce Baffa ya girme ni, ya fi ni sani. Surukina ne, ba ni da bakin ce masa ya daina. Yaya zan yi?

Malamin firamare, Argungu: Wa alaikumus salam. Malama, kada ki ja da yaron, ki bar idonsa ya yanke hukunci. Ki sa a yi daka can nesa a fili, shi ya tsaya daga wani gefen yana kallo. Zai ga taɓarya ta sauka, sai daga baya ƙarar ta iso. Ya dinga matsowa, zai ga tazarar tana raguwa har ta ɓace, alhali ido da kunnensa suna nan inda suke. Daga nan sai ki faɗa masa dalili: haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa kusan mita 340 kacal. Da damina, yana daga cikin ɗaki, ya ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa; duk uku kusan kilomita ɗaya ne tsakaninsa da wurin. Yaron da ya gano abu da kansa ba ya mantawa, kuma ba ki ƙaryata kowa ba.

Hajiya Babba, Jega: 'Yata, kul ki taɓa dattijon nan. Wasan kaka da jika ne, mu ma da shi muka tashi. Yaran yanzu nawa ne ke da tsohon da zai zauna da su bayan isha'i? Ki gaya wa mijinki, shi ya kai maganar cikin raha, ya ce Baffa ka jawo wa abokinka sifili. Wallahi da kansa zai kira yaron ya ce masa tsokana ce. Tatsuniya ma ai ana rufe ta da ƙurunƙus don yaro ya san an gama wasa, shi abin da ya rage wa Baffa ke nan.

Manomin albasa, Aliero: Gaskiya albasa ba ta tausayinmu. Idan an yanka ta, sinadarin farar wuta da ke cikinta ne ke zama iska mai yaji, ta shiga ido, ido ya kawo ruwa ya wanke. Wuƙa mai kaifi tana rage abin. Ƙurar hunturu kuma iskar arewa maso gabas ke ɗebo ta, mai yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi.

Ma'aikaciyar jinya, Yawuri: Hajiya, ina tare da ke, amma da sauran magana. Atishawar Sahara ba ta kwantar da kowa a asibiti. Wadda nake tsoro ita ce irin ta "mangwaro ke kawo zazzaɓi", don har manya sun riƙe ta da gaske. Macen sauro ce ke ɗauke da ƙwayar cutar maleriya, tun 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Mu nan bakin Kwara muna gani: uwa ta hana yaro mangwaro, ta bar shi ya kwana ba gidan sauro, a kawo mana shi jiki kamar wuta. Yaya, ki zauna da ɗanki ki ji duk abin da ya kwaso daga zaure. Abin da ya taɓa ciwo, magani ko abinci, a gyara shi nan take, ba a jiran damina.

Uwar yara, Birnin Kebbi: Allah Ya saka muku da alheri. Na tambaye shi yanzu, ashe har ta mangwaron Baffa ya faɗa musu, wai zaƙinsa ne ke tafasa jini. Gwajin turmi za mu yi ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Ta mangwaro kuwa yau da daddare zan sa Baban yara ya je zaure a kanta.