An manta auduga a cikin ƙanwata bayan tiyata, ina zan kai kuka?

Yayan Mai Jego: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a wani ƙauye gabas da namu, nan Jigawa, mijin yana ci-rani a Legas. Ranar da naƙuda ta kama ta ruwa ya cinye hanya, a amalanke aka fito da ita bakin titi. Mai motar da muka samu ya ce sai dubu goma sha biyar, muka yi ta ja har Inna ta kwance ɗaurin zaninta ta cika. An yi mata aiki an ciro yaro, yana raye, alhamdulillahi. Bayan suna sai zazzaɓi, ciki ya kumbura, ɗinki yana fitar da ruwa mai wari. Sau biyu muna komawa ana ba ta allurai. Sai da na sayar da riɗina muka kai ta Kano, aka yi hoto, aka sake buɗe ta. Likitan ya nuna mini a ɗan kwanon silba: auduga dunƙule kamar lemon tsami, har ta yi baƙi. Na koma asibitin farko, wani ma'aikaci ya ce ƙaddara ce, fayil kuma ba a bayarwa. Ni ba kuɗi nake nema ba. So nake a rubuta abin a wani wuri kada a sake yi wa wata. Sai dai matar ƙanin babanmu shara take yi a asibitin, ina tsoron a huce a kanta. In tafi gidan rediyo ko in yi shiru?

Maman Ummi: Allah ya ba ta lafiya ɗan'uwa. Ku gode ma taku tana raye. Mahaifiyata allura ɗaya aka yi mata a cinya, shekara huɗu ke nan tana jan ƙafa, ko sannu babu wanda ya ce mana. Kuma mai allurar har yau ina haɗuwa da shi a kasuwa.

Tsohon Nas: Ɗana, saurara, shekara talatin na yi a ɗakin tiyata. Wannan sakaci ne. Ana ƙirga auduga da almakashi da allurar ɗinki kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a rufe ciki. Yana cikin takardar duba aikin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2008. A Ingila irin wannan yana cikin jerin abubuwan da ba a yarda su taɓa faruwa ba, kuma hukumar lafiyarsu tana wallafa adadin da ya faru kowa ya gani. Mu nan wanda ake bibiya da fom shi ne mutuwar mai jego da jariri, shi ma a asirce, ba suna ba zargi. Ƙanwarka da ta rayu, in ba kai ka rubuta ba, zai wuce kamar ba a yi ba. Kana da rahoton likitan Kano? Ka ɗauki hoton audugar?

Yayan Mai Jego: Baba, ban ɗauka ba. Mutum yana kuka ina zai tuna da waya? Rasit ɗin biyan kuɗi dai yana nan.

Ɗan Kasuwa: Rediyo kawai! Takarda a ofis ɓera ke cinye ta. Safiya ɗaya a ambaci sunan asibitin, kafin azahar za ka ga mota daga Dutse.

Tsohon Nas: Ya je rediyo hannu rabbana? Su musanta, ya koma mai ƙazafi. Ka koma Kano ka nemi rahoto a rubuce. Sannan ka rubuta wa shugaban asibitin, kwafi zuwa ma'aikatar lafiya ta jiha, a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ladabtar da likita, amma sai da ƙorafi a rubuce tare da rantsuwar kotu. Zancen fayil kuma, akwai kundin haƙƙin majiyyaci da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018, ita mai jikin tana da haƙƙin sanin abin da aka rubuta a kanta.

Sista Mai Aikin Dare: Baba, da girmanka, zamaninku ba namu ba ne. Likita ɗaya, nas biyu, mata shida a layi, wuta ta ɗauke a ƙarasa ɗinki da fitilar waya. Ba na wanke kowa. Amma na san yadda takardar nan za ta ƙare: a kama ƙaramar nas a yi mata canjin wajen aiki, janareta kuma yana nan a mace. Shi ya sa ko mun yi kuskure muke ɓoyewa.

Malam Na Zaure: Yarda da ƙaddara ba ta kayar da haƙƙi. Amma ku fara da mai gari da kwamitin raya mazaɓa, su ne ke zama da shugabannin asibiti. Kwana nawa ne wata 'yar gidanku za ta sake bin hanyar nan a amalanke?

Yayan Mai Jego: Na gode duka. Kano dai ba zan iya komawa yanzu ba, kuɗin mota ma aiki ne, ga girbi. Mai gari kuma surukin wani babba ne a asibitin, shi ya sa ban je ba. Jiya mijinta ya bugo, ya ce a bar maganar sai ya dawo.

Tsohon Nas: Ita mai jegon fa, ka tambaye ta me take so?

Maman Ummi: Don Allah Baba, na mahaifiyata da ya kai shekara huɗu, har yanzu za su karɓi ƙara?