Zauren 'Yan Gudun Jos: kilomita 250 da kayanka a bayanka, me za a ɗauka, me za a bari?

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum manyan zaure. Shawara nake nema. Ina son shiga gudun Sahara na Maroko, Marathon des Sables, wanda ake yi a watan Afrilu. Kilomita 42 ba ya ba ni tsoro, amma wannan na kwanaki ne, kuma an ce kowa da kayansa a bayansa. Ta ina ake farawa?

Koci: Wa alaikumus salam. Fara da sanin abin da za ka shiga. Wajen kilomita 250 ne, zango 6 cikin kwana 7, a kudancin Maroko. Wani Bafaranshe, Patrick Bauer, shi ya fara shirya shi a 1986. Abin da masu shirya gasar za su ba ka: ruwa a ƙididdige, tantin da za ku kwana ku takwas, da likitoci. Abincinka na mako guda, jakar barci, tocila, magani, duk a bayanka suke. Dokar jaka ita ce kada ta gaza kilo 6.5 kuma kada ta wuce 15, ban da ruwa. Ka manta da 15 ɗin nan. Ka nemi 7 zuwa 8 da rabi, domin idan ka cika gorunan ruwa biyu na gaba, kilo ɗaya da rabi ya ƙaru.

Dogo: Ba na Maroko kaɗai ba ne. Akwai na hamadar Namib a Namibiya, na Kalahari a Afirka ta Kudu, na Atakama a Chile, na Gobi a Mongoliya. Tsarinsu kusan ɗaya, kilomita 250 cikin mako. Kuɗin shiga na Maroko ya haura Yuro 3,000, ban da kaya da biza, saboda haka ka lissafa aljihu kafin ka lissafa ƙafa.

Koci: Yanzu ga abin da nake so duk ɗan Jos ya ji. Garin nan zai ba ka huhu da ƙafa, domin muna wajen mita 1,200 sama da teku, duwatsun Shere kuma sun kai wajen 1,800. Amma sanyinsa yaudara ne. Wanda ya saba fita da asuba a Lamingo iska na kaɗa shi, jikinsa bai san zafi ba, can kuwa rana tana haura digiri 40. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a jere kafin ya saba: gumi ya riƙa zuwa da wuri, gishirin cikinsa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. Sa'arka ɗaya, Maris shi ne tsakiyar zafinmu. Ka sauka Abuja ko Lafiya ko Bauchi a makonni biyun ƙarshe, ka riƙa fita awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi da tsakar rana, a hankali, ba tsere ba. Idan ka yi shi da wuri ka dawo Jos ka zauna wata guda, sabon da jiki ya yi da zafi ya zube.

Ɗan Bukuru: Koci, atisayen kansa fa? Kilomita nawa a mako?

Koci: Wata 6 ya isa ga mai iya 42. Ka hau a hankali zuwa 60 ko 80 a mako. Abin da ya fi yawan kilomita muhimmanci shi ne kwana biyu a jere: Asabar awa 4 zuwa 5, Lahadi awa 3 a kan gajiyar jiya. Jaka ka fara da kilo 3, bayan wata guda 5, sai a wata biyun ƙarshe ka kai 7 ko 8, shi ma sau ɗaya a mako. Mai ɗaukar cikakken nauyi kullum gwiwa da agara yake kashewa. Kuma ka koyi tafiya da sauri. Yawancin mutane tafiya suke yi a fiye da rabin hanya, kuma tsokar da tafiya ke ci daban take da ta gudu.

Dogo: Rairayi kuma, ka nemi tarin yashin tsofaffin ramukan kuza na wajen Bukuru da Rayfield, ko cikin rafi da rani. Ba jigawar Sahara ba ce amma za ta koya maka taku: gajere, tafin ƙafa a shimfiɗe, kana taka sawun na gabanka idan hawa ne. Kada ka kusanci bakin tafkunan, suna zaftarewa. Shere kuma ba a shiga mutum ɗaya.

Anti Rayfield: Ku bar maganar huhu ku zo ƙafa, ita ke fitar da mutane. Ƙanena, ƙafa tana kumbura daga rana ta biyu, don haka takalmi ya ɗara naka da rabin lamba zuwa lamba ɗaya. Kada ka ji masu cewa lamba biyu. Ƙafa za ta riƙa yawo a ciki, kuma yawon nan shi ke kawo bororo tun ranar farko. Sai rigar takalmi mai hana rairayi shiga, wadda ke rufe takalmin gaba ɗaya har idon sawu. Da Velcro, wato maɗaurin nan mai mannewa da kansa, ake maƙala ta. Ka kai wa shumeka ya manna Velcro ɗin kewaye da gindin takalmin sannan ya ɗinke shi. Gam kaɗai ba ya riƙewa, zafi zai sake shi. Idan ya gama, sa hannu ciki ka shafa ko'ina. Ƙullin zare ɗaya da ya fito a ciki, bayan kilomita 30 ya zama wuƙa. Ka kuma lura kada ɗinkin ya tsuke gaban takalmin. A yi wannan aiki da saura wata guda, ka yi gudu da shi sau uku ko huɗu.

Ɗan Bukuru: Anti, wani ya ce in riƙa shafa man kaɗanya.

Anti Rayfield: A gida, makonni kafin tafiya, da dare, ƙwarai kuwa. Fata mai laushi da ƙarfi ake so, ba mai kanta ba. Bororon da ya fito a ƙarƙashin kanta shi ya fi kowanne wuyar magani, don haka a goge kanta da dutsen goge kaushi kaɗan-kaɗan. Amma a cikin rairayi kada ka shafa mai a ƙafa, yashi zai manne ya zama sanfefa. Farce a yanke da saura mako guda. Safa ƙafa biyu ta isa, mai yatsu ta fi, ba ta auduga ba. Inda ka san yana yi maka zafi a atisaye, ka manna filasta tun da dare, fata a bushe, ka zagaye kusurwoyinta da almakashi don kada ta naɗe. Kafaɗu da ƙugu inda jaka ke goga su ma a manna. Mata kuma ƙarƙashin rigar mama, nan ne ke fara saɓewa.

Dakta: Idan bororon ya riga ya fito: wanke hannu, goge allura da sifirit, huda a gefe ta ƙasa wuri biyu, matse ruwan, sa aidin, bar shi ya sha iska, sannan filasta. Kada a yaye fatar sama, ita ce marufinsa. In ya yi ja yana yaɗuwa ko ya fara mugunya, tantin likitoci kai tsaye.

Dogo: Abinci. Doka ta ce kalori 2,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), 14,000 ke nan na mako, kuma ana dubawa kafin a fara. Lissafin mai sauƙi ne. Idan abincinka yana ba da kalori 500 a kowane giram 100, kilo 2.8 za ka ɗauka. Idan 400 ne, kilo 3.5. Gyaɗa soyayya tana wajen 570, madarar gari mai maiƙo wajen 500, Indomie wajen 450, garin rogo wajen 350, dabino bai kai 300 ba. Ni shawarata gari da madara da gyaɗa da sukari da safe, ba ya buƙatar wuta. Kilishi da dare.

Koci: Dogo, a kan kilishi ban bi ka ba. Na ɗaya, yaji a cikin da ya wuni cikin zafi neman gudawa ne. Na biyu, yana jawo ƙishi alhali ruwan a ƙididdige yake. Na uku, nama ne, ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga da shi, Tarayyar Turai ta hana idan ta can za ka bi, Chile kuma ko gyaɗa sai ka bayyana ta a filin jirgi.

Dogo: Na yarda da na uku. Amma a rana ta huɗu baki yana ƙin duk wani abu mai zaƙi, dole a samu mai gishiri. To a sa dunƙulen magi a ruwan ɗumi, da ƙuli-ƙuli maras yaji.

Anti Rayfield: Wannan kam gaskiya ne. Kuma 2,000 mafi ƙaranci ne, ba abin da jiki ke ƙonawa ba. Mai jiki ya nemi 2,400 zuwa sama, ranar dogon zango ta fi kowacce samun kaso. A zuba abincin kowace rana a leda mai zif daban, a rubuta rana da adadin kalori a jiki, a yanko takardar bayanin kwalin a haɗa, domin mai dubawa bai san dakuwa ba, lamba yake so ya gani. Duk abin da za ka ci can, ka ci shi a Shere tukuna kana cikin gumi.

Malam na Naraguta: Ƙwayar wutar girki, wadda ake kunnawa a ɗora tukunya, ba a hawa jirgi da ita. Ko ka saya ta hannun masu shirya gasar, ko ka haƙura da wuta: zuba ruwa a ledar abincin ka ajiye a rana minti 30 zuwa 40, zai jiƙa ya yi ɗumi. Ka rage nauyin tukunya ke nan. Cokali ɗaya ya wadatar.

Dakta: Bari in yi maganar ruwa da kyau, don nan ne ake mutuwa. A gasar Oktoban 2021 zafi ya yi tsanani, ɗan gudu ɗaya ya rasu, kusan rabin waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba. Ka san yawan guminka tun a gida: hau sikeli ba kaya, yi gudun awa ɗaya cikin zafi, sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Sha kurɓi-kurɓi kowane minti 10 zuwa 15, ba ka jira tashar ruwa ka ɗura lita guda ba, ciki ba zai karɓa ba, amai zai biyo. Haɗari na biyu kishiyar rashin ruwa ne: ruwa zalla da yawa ba gishiri, sai gishirin jini ya faɗi. Alamarsa ciwon kai, tashin zuciya, kumburin yatsu, ruɗewa. Mai wannan hali idan aka ƙara masa ruwa an ƙara masa ciwo. Saboda haka gishiri yana tafiya tare da ruwa, ko ƙwaya ko ORS ko magi, kuma a gwada tun a atisaye.

Sannan don Allah, ibuprofen da diclofenac a bar su a Jos. Rashin ruwa da tsokar da ta farfashe sun riga sun matsa wa ƙoda, waɗannan magunguna suna rage jinin da ke isa gare ta. Farasitamol, bisa ƙa'ida. Fitsari ya koma launin baƙin shayi, ko an yi sa'o'i da yawa babu shi duk da ana sha, an tsaya ke nan.

Ɗan Bukuru: Dakta, takardun asibiti fa?

Dakta: Suna neman shaidar likita da gwajin zuciya na ECG na kwanan nan, ka duba wa'adin da suka sa a dokar shekararka, don wanda ya tsufa ba sa karɓa. Ka tafi da katin rigakafin shawara. Ka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da saura kwana 10, kada ya tashi maka a tsakiyar hamada a ɗauka zafin rana ne. A tanti kuma gudawa tana zagaya mutum takwas cikin dare ɗaya, man tsaftace hannu ƙaramar kwalba ba abin ragewa ba ne.

Malam na Naraguta: Daren hamada da sanyi, yana iya sauka ƙasa da digiri 10. Nan kam Jos ta yi mana rana: ka kwana a baranda da jakar barcinka a hunturun Disamba ko Janairu, za ka san ko ta isa. Ka ɗauki 'yar katifar soso mai naɗewa, yanke ta daga kafaɗa zuwa ƙugu, jaka ta zama matashi. Da kun isa tanti ku ɗaga shimfiɗa ku tsince duwatsu. Kamfas dole ne a jerin kaya, tare da usur, madubin ishara, bargon ceto da tocilar goshi da batir na canji, kuma rashin ɗaya yana jawo tarar lokaci. Kamfas ɗin zai yi maka aikin alƙibla ma, daga can gabas take. Maganar ƙasaru da haɗa salloli da taimama, ka zauna da malaminka kafin tafiya ka gaya masa yadda ake raba ruwan.

Koci: Dogon zangon ya haura kilomita 80, dare zai same ka a hanya. Raba shi tasha-tasha, kada ka lissafa 80 a kai. Rabin farko a tafi kamar ana jin kunya, a huta a inuwa lokacin da rana ta take, a ci hanya da yamma. Zama a tasha kada ya wuce minti 10 in ba barci za ka yi ba, jiki yana sandarewa. Idan guguwar rairayi ta taso har ba ka ganin alamar hanya, tsaya inda kake ka rufe fuska. A 1994 wani ɗan Italiya, Mauro Prosperi, ya ɓace a irin wannan guguwa, sai bayan fiye da mako aka same shi a cikin Aljeriya.

Dogo: Kuma raƙuma ke bin bayan ayari. Suka wuce ka, an cire ka daga gasar.

Ɗan Bukuru: Allah Ya saka da alheri. Jakar lita nawa zan nema?

Anti Rayfield: Lita 20 zuwa 25, mai aljihun gora a gaba. Wadda ta fi haka cika ta za ka yi da tarkace. A gwanjon kasuwar Katako akan ci sa'a, amma ka ja kowane ɗinki na maɗauri da ƙarfi kafin ka biya.

Koci: Asabar ƙarfe 5:30 a mahaɗarmu ta Lamingo. Ka zo da jakar, kilo 3 na shinkafa a ciki an naɗe da tawul, da lita ɗaya da rabi na ruwa. Ka hau sikeli kafin ka fito.