"Wani hani ga Allah baiwa ne": a faɗa wa wanda aka sallama daga aiki?

Ɗan Birni: Jama'a, da an sallami mutum daga aiki sai ka ji ana ce masa "wani hani ga Allah baiwa ne". Ni ban ga wurinsa ne ba. Magidanci ga haya ga kuɗin makarantar yara, ina baiwar take?

Mai Alli: Malam Ɗan Birni, maganar daidai ce, lokacin faɗinta ne mutane ba su iya ba. Ranar da aka miƙa wa mutum takarda jaje ake yi masa. Sai zuciya ta huce ake kawo ta, kuma a haɗa da nuna masa abin da ya rage a hannunsa.

Baban Salma: Akwai kuwa abin da ya rage, da yawa ba su sani ba ne. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta ce wanda bai kai shekara 50 ba, ya rasa aiki, ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cirar kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonsa. Ya je ofishin kamfanin fanshonsa da takardar sallama, shaidar haihuwa, hoto da lambar asusun banki. Sau ɗaya ake ba da wannan dama, saboda haka a yi jari ko koyon sana'a da kuɗin, kada a cinye su a cefane. Inda ake cin karo: wasu ma'aikatun suna yanke kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci amma ba sa turawa asusun fanshonsa, balle kashi 10 da su ya kamata su ƙara. Ya fara karɓo bayanin asusunsa ya bi wata-wata tun tsofaffin shugabanninsa suna ɗaga wayarsa.

Uwar Biyu: Baban Salma, a ƙara da wa'adin sanarwa kafin sallama. Dokar ƙwadago ta ba da mako 1 ga wanda ya haura wata 3 a aiki bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 daga shekara 5, ko a biya kuɗin wa'adin. Manyan ma'aikata kuwa takardar ɗaukarsu za su duba. Amma ni tsorona masu juya karin maganar. Yaro ya yi faɗa da oga, ya ajiye aiki, ya ce wani hani baiwa ne. Wa ya hana shi? Wannan sakin reshe ne kama ganye. Ba a ajiye aiki kan alkawarin baki, sai takarda ta zo da albashi da ranar farawa a rubuce.

Ɗan Birni: Hajiya, to ai duk wannan haƙƙinsa ne, ba baiwa ba.

Mai Alli: Baiwar lokaci ce, ranka ya daɗe. Mai zuwa ofis takwas zuwa biyar yaushe zai gyara takardunsa? Sau da yawa abin da ke kayar da mutum wajen tantancewa shi ne sunan da ke NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ya saɓa wa na takardar digiri ko ta bautar ƙasa, ko ranar haihuwa ta zama biyu. Gyaran yana cin makonni: rantsuwa a kotu, wani lokaci har da bugawa a jarida. Sannan CV kada ya wuce shafi 2, a rubuta abin da aka aiwatar da adadinsa, a kira mutanen da aka sa shaida kafin a ba da lambarsu. NDE (hukumar samar da aikin yi ta ƙasa) da ITF (asusun horar da ma'aikata) kuma suna koyar da sana'o'i, a leƙa ofishinsu na jiha a tambaya. Zomo dai ba ya kamuwa daga zaune.

Uwar Biyu: Kuma duk wanda ya ce a biya shi kuɗin gurbi, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo ta waya, ɗan damfara ne. Masu neman aiki su ne kasuwarsu.

Ɗan Birni: Na karɓi batun lokaci. Amma wanda ya haura shekara 45, tallan aikin kuma matasa yake nema, har yanzu ban ga yadda zan buɗe baki in faɗa masa wannan magana ba.