Wa ya taɓa fama da jita mai tsirkiya 12?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Wani dattijon Bature da muke aiki tare nan Manchester ya ba ni aron jitarsa Rickenbacker 360/12, irin wadda aka ba George Harrison, mawaƙin ƙungiyar Beatles, a New York a 1964, ja ce tana disashewa zuwa tsakiya. Na ce bari in yi abin kai in sabunta mata tsirkiya, wallahi tun la'asar har isha'i ina abu ɗaya. Kanta ɗan ƙarami ne, kunnuwan murɗawa shida a gefe shida kuma sun kalli baya, sai ka murɗa wannan ashe wancan kake nufi. Wa ya taɓa shan irin wannan?

Malam Kuntigi: Wa alaikumus salam. Ƙanena ba dai duka ka kwance lokaci guda ba? Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Kuma wace ka fara sawa, mai kauri ko siririya?

Ɗan Fagge: Duka na kwance yaya. Tunda bibbiyu suke a jere, siririya na sa a sama kamar sauran jitoci masu tsirkiya 12, sai na ga mai kaurin ta ƙi zama cikin tsagarta.

Malam Kuntigi: To nan ka yi aika-aika. Su Rickenbacker sun juya abin, mai kauri ce sama, ita hannu ke fara duka sannan siririyar ta biyo, yana cikin abin da ya sa amonta ya fita daban. Jere huɗu masu kauri kowace da siririyar abokiya mai muryar sama, biyun ƙarshe kuma tagwaye ne murya ɗaya. Ni ma haka na yi karon farko, maigidana bai ce uffan ba, ya dai miƙo min filaya ya koma shan shayinsa.

Binta Jos: Tawa ta kwaikwayo ce na saya a gwanjo, ko suna babu a jiki. Tsirkiya biyu kan mazauni ɗaya suke, wato ɗan ƙarfen da ke tallafe su a ƙasan jitar, in ka saita wannan waccan ta kauce, kana hawa sama tana kuka kamar akuya biyu. Da na taɓa Fender Electric XII ta wani a Legas sai na ga bambanci, kowace tsirkiya da mazauninta, 12 cif, ga kan nan nata a lanƙwashe kamar sandar hoki. Amma ni siririn wuyan Rickenbacker ya fi min, yatsuna ƙanana ne.

Malam Kuntigi: Hajiya ke kin ji daɗi, mu masu yatsu kamar rogo biyu muke dannewa ba da niyya ba.

Na Damagaram: Ni hunturu ne ya gama da ni. Katako ya bushe, wuya ya ɗan tsuke, ƙarafan jikinsa suka fito gefe suna yankar hannu. Yanzu soso nake jiƙawa in matse in sa a 'yar robar sabulu mai huji cikin akwatin, kuma ina sassauta tsirkiyar kaɗan in zan ajiye.

Ɗan Fagge: Na gode. Na kwance na sake, biyu sun tsinke, duk siririyar nan ta jeren da ake kira G. Gobe zan mayar masa, ban san ko in faɗa masa ba.