Rijiya ta ƙafe, lambun gida yana bushewa: me zan shuka, wane ganye zan tsinko a daji?

Uwargida, Rigasa:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki, taku shida a taku huɗu. Rijiyarmu tana ƙafewa tun Fabrairu, sai ruwan 'yan garuwa, abin da zan iya ware wa lambu bai wuce jarka ɗaya mai lita 25 a rana ba. Tumatir yana fure yana kakkaɓewa, wanda ya yi 'ya'ya kuma ƙasansu ya yi baƙi. Damina ma ba tabbas: a yi ruwa biyu a Mayu, a yi shuka, sai a ɗauke mako biyu ko uku. Me ya kamata in shuka? Kuma wane ganyen daji ne za a ci ba fargaba?

Mai lambu, Kawo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tumatir ba shukar bazara ba ce. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna yakan haura digiri 35, a nan fure yake zubewa. Baƙin nan kuma ba cuta ba ce, ban ruwa ne ba tsari: yau ƙasa ta jiƙe sharkaf, gobe ta bushe ƙayau, sai sinadarin kalsiyam ya kasa kaiwa ga 'ya'yan. Ki bari sai Oktoba ki yi rainon irinsa, ki dasa a Nuwamba, ki ci a hunturu.

Da jarka ɗaya, noman buhu ya fi miki. Buhun shinkafa mai cin kilo 50, ki huda ƙasansa wuri biyar ko shida, ki naɗe bakinsa ya koma rabi. Ƙasa kwano biyu, ruɓaɓɓen takin awaki kwano ɗaya, yashi kwano ɗaya, haka za ki yi ta aunawa har ya cika. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya kwana wata biyu a rami tukuna. Ki shuka rama, yakuwa, lalo da kuɓewa, ƙwaya uku a rami, in sun fito ki bar biyu masu ƙarfi. Alayyafo ya fi su shan ruwa, buhu biyu ya isa, amma cikin mako huɗu kin fara yanka. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsa huɗu. Da wannan rufin lita biyu tana riƙe buhu ɗaya yini guda, kin ga jarkarki ta ɗauki buhu goma sha biyu. A zuba a gindi da asuba ko bayan la'asar. Ki jera su inda inuwar katanga ke faɗawa bayan azahar.

Zogale kuwa a ƙasa za ki sa shi, a kusurwa. In ya kai ƙirji ki datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe sama ya fi ƙarfin hannu.

Malamin gona, Samaru:
Na yarda da Mai lambu, sai dai in ƙara tukunya. Tukunyar ƙasa da ba a shafa mata fenti ko siminti ba, mai cin kamar lita goma, a binne ta har wuya, a cika da ruwa, a rufe bakin da faifai ko tsohon kwano saboda sauro. Ruwan yana tsattsafowa ta jikinta daidai yadda ƙasar ta bushe. A shuka barkono ko gauta kewaye da ita, tazarar taƙi ɗaya. A ƙara ruwa duk kwana uku ko huɗu. In aka zuba mata ruwan sabulu, ƙofofin jikinta za su toshe, ta daina aiki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna da kyau. Ruwan wanki mai omo ko bilic yana tara gishiri, ganye ya ƙone daga baki-baki.

Batun damina: kada ruwan farko ya ruɗe ki. Ki haƙa ƙasa, in danshi bai kai tsawon tafin hannu ba, ki dakata. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da lokutan da ake tsammanin ɗaukewar ruwa, yana da kyau a saurara. Ramukan tassa da manoman Tawa a Nijar suke yi, a zuba taki a ciki su tara ruwa, suna ceton shuka in an yi fari a Yuni. Amma Kaduna ba Tawa ba ce. Ruwan Agusta a nan yana cika rami ya ruɓar da saiwa, don haka kafin marka a ja ƙasa a tayar da kunya.

Inna, Tudun Wada:
'Yata, ganyen daji ba a koyonsa a hoton waya. Ki bi wadda ta sani ta nuna miki da hannu. Tafasa ce ke fara fitowa da ruwan farko. Ganyenta shida ne a reshe, biyu-biyu, bakinsu a zagaye. Tana da ɗan'uwa, rai-ɗore, nasa ganyen mai tsini ne, ya fi yawa a reshe, in kin murza yana wari. Shi ba na kwaɗo ba ne. Kan tafasa mai taushi ake tsinka, a dafa, a tsiyaye ruwan, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa. Gasaya tana da ɗaci, sai an zubar da ruwan farko an sake dafawa. Da rani akwai yaɗiya, tana nan kore a jikin shinge lokacin da komai ya bushe, da bazara kuma ga ɗinkin, tohon ɗinya. Ki gargaɗi yara kan zaƙami mai farin fure da 'ya'ya masu ƙaya, guba ne, ruwan tumfafiya kuma yana lahanta ido.

Abin da ya fi tayar min da hankali yanzu maganin feshi ne. Gonaki da yawa ana fesa maganin ciyawa kafin shuka, tafasar bakin gona tana shan nata rabon. In kin ga ciyawar wurin ta yi ruwan ɗorawa ko ta ƙone lokaci ɗaya, ki wuce. Haka bakin kwata, bola, gefen kwalta da magudanan da ke fitowa daga masana'antu. Kuma kada a tumɓuke da saiwa, a bar wasu su yi iri. Abin da ya yi saura a shanya a inuwa kan tabarma, rana tana kashe korensa.

Uwargida, Rigasa:
Allah ya saka da alheri. Amma ciyawar rufin nan ba za ta jawo gara ba?

Mai lambu, Kawo:
Takan jawo, musamman karan dawa da na masara. Ki ɗora buhunan kan bulo ko duwatsu kada su taɓa ƙasa, ki bar tazarar yatsa biyu tsakanin rufin da jikin shukar, ki cakuɗa shi da busasshen ganyen darbejiya. In kin ga hanyar gara a jikin buhu, ki kankare ta, ki barbaɗa toka kaɗan a ƙarƙashin bulon. Kada ki zuba tokar da yawa cikin buhun, tana sa ganye ya yi fari-fari.