Kada a Yi Gaggawar Mayar da Jatan Lande Bayan Maganin Jan Ƙarfe

Mun zauna a Nima, nan Accra, mu 'yan kaɗan masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi, kan matsalar wani ɗan'uwanmu. Ya yi wa kifayensa maganin cutar farin ƙuraje da maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, suka warke, amma dodon koɗi da jatan landen da ya mayar cikin akwatin bayan maganin duk suka mutu.

Dattijon cikinmu ya ce masa: “Ƙanena, laifin dutse da yashi ne.” Dutse da yashin da ke cikin akwatin suna shanye jan ƙarfen, su riƙa sakinsa a hankali har tsawon watanni, ko da an sauya ruwa. Kifi na jure kaɗan, amma halittun da ba su da ƙashin baya, kamar kaguwa da murjani, ɗan abin da ya rage ma yana kashe su. Ni dai na fi yarda a fitar da tsohon dutsen da yashin gaba ɗaya, duk da tsadarsu.

Sauran shawarwarin: a yawaita sauya ruwa, a sa gawayin tacewa ko Cuprisorb (wani abin tacewa mai tsotse jan ƙarfe daga ruwa), a riƙa auna jan ƙarfen da ke cikin ruwan har sakamako ya tsaya a sifili na makonni, sannan a gwada da dodon koɗi ɗaya. Nan gaba kuwa, a yi wa kifi magani a akwati daban, marar dutse.